Har yaushe za a ci gaba da raba bakwaini da uwarsa?

Majo Zango:
Salamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan lafiya na Damagaram da kewaye. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, yau sai na faɗe shi, kuma ina roƙon kowa ya karanta har ƙarshe kafin ya amsa.

Hunturu ya shigo, amma yadda ake karɓar bakwaini bai sake ba. Da an haife shi sai a naɗe shi a zane a ruga da shi ɗakin jarirai, uwa kuwa a bar ta a ɗakin haihuwa ko kan tabarma a baranda, ba ta shiga sai lokacin tatsar nono. Kwalbar ɗumama jariri ɗaya jarirai biyu, wani sa'in uku, cutar wannan ta koma jikin wancan. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kafin gurup, injin ba da wuta, ya tashi jikin yaro ya huce. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Ɗan gram 1,300 ba shi da kitsen riƙe ɗumi, in zafinsa ya sauka zuwa 35 sai ya ƙone ɗan sukarin da ke jikinsa, ya daina tsotso, numfashi ya fara ɗaukewa. Duk wanda ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa ƙasar nan Nijar wuta, ya san abin da ake nufi da kwalbar da ba kuran.

Alhali tun 2021 aka fitar da sakamakon gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta jagoranta a Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya. Jarirai 3,211, masu nauyi daga gram 1,000 zuwa 1,799. Rabi aka ɗora su a ƙirjin uwa nan take, fata da fata, tun ba su murmure ba, da oksijin ɗinsu da ƙarin ruwansu a jiki. Rabi aka bi tsohuwar hanya, kwalba ko fitilar ɗumi sai sun daidaita. Cikin kwana 28, na ƙirji kashi 12 cikin 100 suka rasu, na kwalba kashi 15.7. Bambancin ya fito fili har aka tsai da gwajin kafin wa'adinsa, kuma a 2022 OMS ta mai da shi shawara ga duniya. To me ya hana mu sa wa uwa gado ko kujerar kishingiɗa a cikin ɗakin jarirai? Tambayata ke nan.

Hajiya Ungozoma:
Wa alaikum salam Majo, Allah ya saka da alheri. Sai dai a yi shi daidai, domin in aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba yaro zai shaƙe. Jariri ba riga, sai kunzugu da hula da safa. A tsaye ake ɗora shi tsakanin nonuwa, ƙirjinsa a kan ƙirjin uwa, ƙafafu a buɗe a lanƙwashe, kai a juye gefe ɗaya, haɓa ta ɗan ɗaga don hanyar iska ta buɗe. Bakin zanen ɗauri ya tsaya daidai ƙasan kunnensa. In ya yi ƙasa, wuya zai lanƙwashe. In an matse cikinsa, ya kasa numfashi, tunda da ciki jariri ke numfashi. Uwa ba ta kwanciya shame-shame, a kishingiɗe take barci. Ɗaki kada ya gaza digiri 25, kuma ba wanka sai ya wuce awa 24 aƙalla. OMS ta ce awa 8 zuwa 24 a yini. Abin da ke karya shi a nan shi ne wankan jego da gaggawar komawa gida don suna. Uwa ta fita wanka, ta tsaya shan kunun kanwa, awa biyu yaro yana ajiye a zane. Dole a tanadi mai karɓa, kaka ko gwaggo ko ma uban.

Mai Firmasi:
Majo, tsaya tukuna. Ka ce gwaji, ka wuce kamar ba ka faɗi komai ba. Wato jarirai kusan 1,600 aka bari a hanyar da ta fi kisa don a samu lissafin da za a buga a mujallar Turawa? Su waye iyayensu? An gaya musu da harshensu cewa ƙuri'a ce za ta zaɓa wa ɗansu? Mu nan Kano ba nisa gare mu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ƙin allurar shan inna da aka yi a Kano a 2003 ma ba daga sama ya faɗo ba. Duk abin da aka kira gwaji a kan ɗan talaka, ni ba na karɓarsa hannu biyu.

Likitan Yara:
Malam mai firmasi, abin Kano ya faru kuma abin kunya ne, ba mai kare shi a nan. Amma a faɗi lissafin cikakke: cikin 11 ɗin, 5 suna cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba ɗayan maganin, seftriyakzon, kuma kamfanin bai amsa laifi ba. Babban zargin shi ne rashin izinin iyaye na gaskiya da takardar amincewar da aka ce an ƙirƙira daga baya. Wannan daban, abin da Majo ya kawo daban. Lokacin da aka fara na ƙirjin uwa, ba wanda ya san amsar. Ƙa'idar OMS ta wancan lokaci ita ce a jira yaro ya daidaita, kuma manyan likitoci da yawa suna tsoron ɗan gram 1,200 mai oksijin zai mutu a ƙirji ba a lura ba. Waɗanda aka bari a kwalba sun samu kulawar da duniya ta yarda da ita a ranar. Akwai kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa lissafi lokaci-lokaci, shi ne ya ce a tsaya da ya ga bambancin. Kuma kai kanka kana sayar da abin da gwaji ya haifar. Allurar artesunat da muke yi wa yaro mai palu, wato zazzaɓin cizon sauro, mai tsanani, miligram 3 kowane kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya wuce, a awa 0 da 12 da 24, daga ina ya zo? Yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, sakamakon 2010: kashi 8.5 suka rasu da artesunat, 10.9 da kinin. Ba don wannan ba, da har yau muna rataya kinin muna bin sukarin yaro yana faɗuwa.

Ɗalibar Likita:
Da izinin manya. Ni a ganina matsalar daga bakinmu take. In ka ce wa uwa "za a yi gwaji da ɗanki", ta gudu da shi cikin dare. A ce "bincike", a bayyana mata abin da za a yi. Gwaji na dabbobi ne a ɗakin labo.

Mai Firmasi:
Ƙanwata, wannan shi ne ainihin abin da nake tsoro. A sake wa abu suna don uwa kada ta gudu. In ƙuri'a ce ta raba yara gida biyu, gwaji ne, a faɗa mata haka. Tana da ikon ta gudu.

Ɗalibar Likita:
Yaya, ban ce a ɓoye ƙuri'ar ba. Cewa na yi kalmar tana ɗauke da tsoro.

Mai Labo:
To mu da muke "gwajin jini" da "gwajin palu" kullum fa? Uwa da kanta take miƙo yatsan yaro ta ce a gwada. Ba ta taɓa gudu ba.

Mai Firmasi:
Wannan gwada jinin yaro ne. Wancan gwada magani a jikin yaro ne. Kada ka haɗa su.

Majo Zango:
Jama'a, ba magani aka gwada ba, ƙirjin uwa ne. Gado nake tambaya.

Mai Firmasi:
Majo, kai ka kawo kalmar, ba ni ba.

Likitan Yara:
Bari in faɗi abin da ya fi tayar mini da hankali. Abin da ba a gwada ba shi ma ana yin sa a jikin yara kowace rana, sai dai ba mai ƙirga gawa. Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaro mai zazzaɓi mai tsanani da jijiyarsa ta raunana a buɗe masa ƙarin ruwa da sauri. Kowa ya yarda, kuma ido yana ganin yaron ya ɗan farfaɗo. A 2011 aka fitar da sakamakon gwajin ƙarin ruwa mai suna FEAST daga Kenya da Yuganda da Tanzaniya, yara 3,141. Cikin awa 48, waɗanda aka ba ruwan gishiri da sauri kashi 10.5 suka rasu, na albumin, wato furotin na jini, 10.6, waɗanda aka bari da ruwa a hankali kawai 7.3. Fiye da rabin yaran suna da palu, kusan ɗaya cikin uku ma'aunin ƙarfin jininsu bai kai gram 5 ba, wato irin yaran da ke cika mana gadaje daga Agusta zuwa Oktoba. Masu binciken ma ba su zaci haka ba. Wane ne ya nemi izinin iyayen yaran da aka yi wa wannan ɗabi'a shekara talatin kafin a gwada ta?

Ɗan Magariya:
Likita, Allah ya ba ka haƙuri, amma irin wannan magana in ta fita ba cikakkiya ba tana kisa. Ba a sa masu gudawa a FEAST ba, ba a sa masu tamowa mai tsanani ba, ba a sa masu ƙuna ko rauni ba. Sabon ma'aikaci ya karanta saƙonka, gobe a kawo masa yaro mai zawo, idanu sun zurma, fata ka ja ta tsaya, ba ya iya sha, sai ya ji tsoron buɗe ruwa. Wannan yaron ƙarin ruwan Ringer ta jijiya yake so, mililita 100 kowane kilo. Wanda bai kai shekara ba, 30 a awa ta farko, 70 cikin awa biyar. Wanda ya wuce shekara, 30 cikin minti 30, 70 cikin awa biyu da rabi. Mai tamowa kuwa zuciyarsa ba ta ɗaukar wannan, ReSoMal ne, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, ta baki ko ta tiyon hanci, ruwan jijiya sai in ya shiga halin da jini ya kasa zagayawa, shi ma bai wuce 15 kowane kilo cikin awa guda ba, ana ƙirga numfashi da bugun jijiya kowane minti goma. A damunar 2018 yara sama da 700 ne kwance lokaci guda a asibitin Magariya. A irin wannan cunkoso ba a rarrabe yara da sunan mujalla.

Likitan Yara:
Ban ce a hana mai zawo ruwa ba. Ƙa'idar OMS ta 2016 a fili take: sai alamu uku sun haɗu, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ka danna farce jini bai dawo ba sai bayan daƙiƙa uku, jijiya tana bugawa da sauri kuma a raunane. Sannan ne ake ba da 10 zuwa 20 kowane kilo cikin minti 30 zuwa awa guda, a sake dubawa. Alama ɗaya ko biyu ba ta isa ba. In kuwa tafin hannu ya yi fari fat, jini yake so ba ruwa ba: ƙasa da gram 4 a ƙara, ko 4 zuwa 6 in numfashi ya yi wuya, mililita 20 kowane kilo na cikakken jini. Matsalar ita ce da dare ana rataya leda a buɗe ta a tafi.

Ɗan Magariya:
"Ana rataya a tafi." Su wa? Faɗi sunanmu mana, Likita. Ƙarfe uku na dare ma'aikacin jinya ɗaya, gadaje arba'in, likitan da ke gadi wayarsa tana ƙara ba a ɗauka. Ku rubuta "a ba da kaza" ku tafi, ba ku tambayi wace robar ƙarin ruwa ce a firmasi ba. Ta manya ɗigo 20 ne mililita ɗaya, ta yara mai ma'auni ɗigo 60. Bakwaini ɗan gram 1,500 a ranar farko mililita 60 kowane kilo yake so, wato 90 a yini, bai kai mililita 4 a awa ba. Da robar manya ɗigo ɗaya da ɗan kai ne a minti. Wa zai iya riƙe wannan da yatsa? Yaro ya motsa hannu, ruwan awa shida ya shige cikin minti ashirin, fuska ta kumbura, huhu ya cika. Da safe a ce sakacin ma'aikacin jinya.

Hajiya Ungozoma:
Ɗana, gaskiya ka faɗa, mu ma haka ake ɗora mana. Shi ya sa duk bakwainin da cikinsa ya karɓi nono, a gaggauta mai da shi kan nono a cire ledar. Rana ta farko 60 kowane kilo, ta biyu 90, ta uku 120, daga nan 150. Ɗan gram 1,600 da ya kai 150 zai sha mililita 240 a yini, wato 30 kowace awa uku, da ƙaramin kofi ko ta tiyon hanci. Kafin a zuba a tabbatar tiyon yana ciki, kuma a bar nonon ya sauka da kansa, ba a tura shi da sirinji. In ciki ya kumbura ko ya yi amai kore, a tsaya a kira likita. Bayan makon farko ana son ya riƙa ƙara kamar gram 15 kowane kilo a rana, ma'auni ɗaya, lokaci ɗaya, tsirara.

Likitan Yara:
Hajiya, ban zargi kowa ba. Amma shi ma ya san akwai masu barci a gadi.

Ɗan Magariya:
Akwai kuma masu asibitin kuɗi a gari da ke barin gadi.

Shugaban Zaure:
A bar wannan. Ba a kama suna, ba a yi wa juna gori.

Baƙon Maraɗi:
Ina jin ku tun ɗazu. Masu tsoron gwaji su zo Madarunfa su gani. A can aka gwada rigakafin zawon rota mai jure zafi, jarirai 3,508, sakamakon 2017 ya nuna kariya kashi 66.7 daga zawo mai tsanani. A can kuma aka gwada amoksisilin ga masu tamowa mai tsanani da ba sa buƙatar kwanciya, yara 2,399, kwana bakwai. Waɗanda suka sha kashi 65.9 suka warke, waɗanda ba su sha ba 62.7, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Da cibiyar bincike ta Epicentre da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ma'aikatar lafiya aka yi, kuma kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike a Yamai ya sa hannu. A jihar Doso ma an yi na maganin azitromisin, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 a sakamakon 2018. Ku a Damagaram sai muhawara.

Mai Firmasi:
Na gode da ka kawo shi da kanka. "Waɗanda ba su sha ba" me aka ba su? Abin da ya yi kama da magani, launi ɗaya, kwalba ɗaya, amma ba magani a ciki. Yaro mai tamowa, uwa ta taka ƙafa daga ƙauye, ta koma tana ɗura masa ruwan banza safe da yamma tana addu'a. Kuma ka ɓoye rabin lissafin: waɗanda aka mayar asibiti aka kwantar, kashi 26.4 ne cikin masu amoksisilin, 30.7 cikin na ruwan banza. Kafin wannan, a 2013, na Malawi ya nuna maganin yana rage mutuwa. To da wane dalili aka hana yaran Madarunfa?

Baƙon Maraɗi:
Yaran Malawi da yawa masu kumburi ne, kuma akwai sida, cutar ƙanjamau, a cikinsu. Namu yawanci ramammu ne. Shi ya sa aka sake tambayar a ƙasarmu. Kai da ke firmasi ka fi kowa sanin yadda amoksisilin ya zama ruwan dare, har a tirin masu talla a tasha.

Ɗan Magariya:
Malam na Maraɗi, janye maganar "sai muhawara". Tun 2005 ake jinyar masu tamowa a Magariya, Mirya ma ana yi. Yaran da aka ceto a nan ba su shiga mujalla ba ne kawai.

Baƙon Maraɗi:
Ba raini ba ne. Amma abin da ba a rubuta ba, wani ba zai koya daga gare shi ba.

Mai Labo:
Ni abin da nake ji a gari shi ne jinin da ake ɗiba ana fita da shi waje, ba mai sanin abin da ake yi da shi.

Likitan Yara:
Wane bincike? Wace shekara? Kawo takarda.

Mai Labo:
Ana faɗa dai. Amma ko ba wannan, yawan ɗibar kansa abin dubawa ne. Jinin jikin jariri gaba ɗaya bai wuce mililita 80 zuwa 90 kowane kilo ba. Ɗan gram 1,500 yana da kamar 130. Ka ɗibi 2 yau, 2 gobe, ka ƙara na gwajin sukari da na ciwon shawara, cikin mako ka rage masa abin da za a gani a tafin hannunsa. Dole a rubuta kowace ɗiba a takardar gadonsa a riƙa haɗa jimla.

Mai Firmasi:
Ga shi nan. Sannan a duba yadda ake karɓar izinin. Takarda shafi huɗu da Faransanci, uwa ba ta karanta boko ba, kwana ɗaya da haihuwa, jini bai tsaya mata ba, miji yana gona ko ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya. A karanta mata sama-sama, ta dangwala yatsa, shaidan da ya sa hannu kuma ma'aikacin wurin ne. Tun 2006 doka ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, amma kowa ya san ana miƙa wa uba ordonansi, takardar sayen magani, ya fita neman ampisilin da jantamisin da robar ƙarin ruwa da jikkunansa. In aka ce masa wanda ya shiga gwaji komai kyauta ne har kuɗin mota, wannan zaɓi ne?

Likitan Yara:
A nan kam na yarda da kai rabi. Gyaransa sananne ne: takarda da Hausa, da boko da ajami, a karanta da murya, shaida ya zama ɗan uwanta ko wanda ba ya cin albashin binciken, a ce ta maimaita da bakinta abin da ta fahimta, kuma a nanata mata cewa in ta ƙi, ɗanta zai samu kulawa ɗaya. Amma ka sani a halin gaggawa ba a iya zaman karatu. A FEAST izinin baki aka fara karɓa, aka cika na takarda bayan yaro ya samu sauƙi.

Mai Firmasi:
Wato an fara kafin a sa hannu. Na gama magana.

Ɗalibar Likita:
Majo, game da tambayarka ta farko, akwai abin da ba a faɗa ba. An yi irin wannan a Gambiya, jarirai 279, sakamakon 2021, da Yuganda, jarirai 2,221, sakamakon 2024, kuma duka biyun ba su nuna raguwar mutuwa a fili ba. A na OMS jariri yana samun kusan awa 17 a ƙirji kowace rana, na kwalba awa ɗaya da rabi, kuma an gyara ɗakunan aka haɗa na uwa da na jariri, da oksijin da na'urar taimakon numfashi. Ba a sa waɗanda suka kasa numfashi da kansu a awa ta farko ba. A Gambiya da Yuganda awannin ba su kai haka ba. Ke nan gado kaɗai ba zai isa ba, sai da bayi kusa, da abincin uwa, da mai duba ita kanta, da na'urar auna oksijin a ƙafar yaro, domin bakwaini in oksijin ya yi masa yawa idonsa ke lalacewa.

Majo Zango:
Madalla ƙanwata, wannan ita ce maganar. Oksijin rabin lita zuwa lita ɗaya a minti ta hanci, a riƙe ma'auni kada ya wuce 95. To mu lissafa abin da ɗaki mai gado shida zai ci.

Mai Firmasi:
Kun ji ko? Gwaji uku, biyu ba su nuna komai ba. Jarirai 2,500 aka yi wa ƙuri'a a banza.

Likitan Yara:
Ba a banza ba. Sun nuna ba ya cutarwa, kuma sun nuna awanni ne ke aiki.

Baƙon Maraɗi:
Har yanzu ba wanda ya ba ni amsar amoksisilin na tasha.

Shugaban Zaure:
Dare ya yi, saƙonni sun yi yawa, bari in tattara. Na karanta duka. Abin da ya fito fili shi ne mafi yawan ƴan zaure ba su natsu da gwaji a kan yaranmu ba, kuma Malam mai firmasi ya kawo hujjoji masu nauyi: abin Kano, da ruwan banzan da aka ba masu tamowa, da izinin da ake karɓa da yatsa. Likita da kansa ya amince akwai gyara a nan. Mai labo ya ja hankali kan jinin da ake fita da shi. Ɗalibarmu kuma ta nuna cewa maganar ƙirjin uwa ba ta tabbata ba tukuna, tunda biyu cikin uku ba su goyi baya ba. Batun ƙarin ruwa a bar wa likitoci. Shawarar zaure ita ce duk wani gwaji da za a kawo yankin nan sai an ga takardar izininsa da Hausa.

Ɗalibar Likita:
Ranka ya daɗe, ban ce ba ta tabbata ba. Na ce tana da sharuɗɗa. Wanda ya fi girma cikin ukun shi ne ya nuna raguwar, kuma shawarar OMS tana nan.

Likitan Yara:
Rabi na ce na yarda, Shugaba. Kuma maganar fita da jini ba wanda ya kawo takarda, bai kamata ta shiga taƙaitawa ba. "Mafi yawa" su nawa ne? Mutum biyu na ƙirga.

Ɗan Magariya:
Batun ƙarin ruwa ba za a bar wa likitoci ba, mu ke rataya ledar. Mai firmasi, tunda kana nan, robar yara mai ɗigo 60 akwai ta a gari ko babu, kuma nawa ce?